Yadda Ake Gyara Riƙon Hannu Wajen Lanƙwasa Ƙarfe Don Ƙarfafa Damƙa

Yawancin waɗanda suka fara gwada lanƙwasa ƙusa ko guntun rodi da hannu suna ɗauka cewa aikin na yatsu ne kaɗai. Sai ka ga mutum ya damƙi ƙarfen a gaban cikinsa, ya matse iya ƙarfinsa har jijiyoyin wuyansa sun tashi, ƙarfen kuwa ko gezau, daga nan ya yanke hukunci cewa hannunsa bai kai ba. Sau da yawa ƙarfin yana nan, hanyar isar da shi ce ta lalace. Abin da ke lanƙwasa ƙarfe daga ƙirji da kafaɗu da tsokar baya yake tasowa, aikin hannu kuma shi ne ya kai shi bakin ƙarfen ba tare da ya zube a hanya ba, kuma a cikin wannan kaiwar ne yatsu da wuyan hannu da dantse suke samun horon da ake nema. Idan naɗi ya yi sako-sako, ko hannu ya zauna inda bai kamata ba, ko wuyan hannu ya karye baya, to kaso mai yawa na ƙarfin ya tafi a banza tun kafin ya taɓa ƙarfen.

Masu nuna ƙarfi sun daɗe da sanin haka. Joseph Greenstein, wanda aka sani a Amurka da laƙabin Mighty Atom, kuma ya rayu daga 1893 zuwa 1977, ɗan ƙaramin mutum ne, amma ya yi suna da lanƙwasa manyan ƙusoshi da takalman ƙarfe na dawaki. A zamanin nan abin ya zama wasa mai ƙa'idoji da ma'auni, har kamfanin IronMind da ke Kalifoniya yana ajiye sunayen waɗanda suka lanƙwasa jar ƙusarsa a gaban alƙali, kuma John Brookfield ne ya fara shiga wannan jerin a 1995. Bayanin da ke tafe ya shafi gajeren ƙarfe ne, mai tsawon santimita 13 zuwa 18, wanda ake lanƙwasawa da hannu biyu ba tare da an tokare shi da cinya ko gwiwa ba.

Zaɓen ƙarfen da za a koya da shi

Ba a koyon riƙo da ƙarfen da ya fi ƙarfin mutum, domin jiki idan ya ji an kai shi maƙura, duk wata dabara watsar da ita yake yi ya koma kokawa. Saboda haka abu na farko shi ne ka san abin da ke sa ƙarfe ya yi wuya, kuma abubuwa uku ne: kauri, da tsawo, da irin ƙarfen.

Kauri ne ya fi yaudarar mutane. Wahalar lanƙwasa ƙarfe mai zagaye tana ƙaruwa ne daidai da kauri sau kauri sau kauri, don haka ƙarin da ido ke rainawa yana iya ninka aikin. Daga rodi mai kaurin milimita 6 zuwa mai milimita 7, wahalar ta ƙaru da fiye da rabi, zuwa mai milimita 8 kuwa ta ninka sau biyu da ɗoriya. Tsawo kuma akasin haka yake aiki: duk lokacin da ƙarfen ya gajarta, hannu ya matso kusa da tsakiya, sai aikin ya ƙara nauyi, kamar yadda dogon sifana ke kwance notin da gajere ya kasa motsawa. Jerin ƙusoshin IronMind ya nuna yadda ake haɗa waɗannan biyun a yi tsani. Fara tana da kaurin inci 3/16 da tsawon inci 6, koriya kaurinsu ɗaya amma inci 5 ce, rawaya inci 1/4 ce da tsawon inci 7, shuɗiya inci 1/4 da tsawon inci 6, sai ja mai kaurin inci 5/16 da tsawon inci 7. A ma'aunin milimita, kaurin nan uku sun kama kusan 4.8 da 6.4 da 7.9. Namiji baligi mai lafiya zai iya farawa da milimita 5 mai tsawon santimita 15 zuwa 18, kuma babu abin kunya ga wanda ya fara da abin da bai kai haka ba.

Irin ƙarfen ma yana da nasa tasirin. Rodin da aka murza da zafi a masana'anta, wanda za ka gan shi baƙi-baƙi da ɗan ɓawo a jikinsa, ya fi laushi, shi ya fi dacewa da mai koyo. Wanda aka murza da sanyi yana da sheƙi da santsi, kuma ya fi tauri ko da kaurinsu ɗaya. Idan bolti za ka yi amfani da shi, ka duba kansa: a tsarin Amurka, wanda ba shi da zane shi ne mai laushi, mai zane uku ya fi shi tauri, mai zane shida ya fi duka, a tsarin milimita kuma lambobi ake bugawa irin su 4.8 da 8.8 da 10.9, kuma gwargwadon girman lambar gwargwadon taurinsa. Akwai abubuwan da ba a taɓa su ko kusa: ƙusar kankare, da bakin na'urar huda ƙarfe, da duk ƙarfen da aka gasa ya yi tauri ƙwarai, domin irin waɗannan ba sa lanƙwasuwa, tsinkewa suke yi farat ɗaya, su bar baki mai kaifi a kusa da wuya da fuska. Haka nan kada lanƙwasa ta faɗa a kan zaren bolti, saboda nan ne ya fi saurin karyewa.

Bayan ka yanka ƙarfen da zarto, ka goge bakinsa biyu da magagari har sai ka shafa da yatsa ba ka ji kaifi ba. Idan ƙusa ce, ka dakushe tsininta. Daga nan ka auna tsakiyarsa daidai ka yi alama da alƙalami mai kauri, sannan ka yi wata alamar a kowane gefe, santimita 5 daga baki. Waɗannan alamomi uku za su yi maka aiki sosai nan gaba.

Naɗi

A ganina nan ne mafi yawan masu koyo suke asarar ƙarfinsu ba tare da sun sani ba, don haka zan ɗan daɗe a kai. Ana naɗe bakin ƙarfe ne don kada ya huda tafin hannu, amma naɗin yana da aiki na biyu: shi ne mariƙin da hannu ke turawa. Idan ya yi laushi ko ya yi sako-sako, duk turawar da ka yi sai ta fara matse naɗin tukuna kafin ta isa ƙarfen, kuma ƙwaƙwalwa da zarar ta ji bakin ƙarfe yana yawo a cikin tafi, sai ta rage ƙarfin da take saki don ta kare hannun. Wannan ragewar ba da son mutum take faruwa ba, kuma ba a shawo kanta da ƙarfin hali, sai da naɗi mai kyau.

Ka nemi fata mai laushi wadda ba ta da santsi, ka yanka guda biyu daidai wa daida, kowace faɗin santimita 10 da tsawon santimita 25 zuwa 30. Akwai kuma ƙyallen nailan mai kauri da ake yi musamman don wannan aiki. Tawul da tsumma ba su da aminci, domin ƙarfe yana ratsa su. Ka shimfiɗa fatar a kan tebur, gefen da ya fi kaushi yana sama, ka barbaɗa mata ɗan garin allin da masu ɗaga nauyi ke shafawa a hannu. Ka ɗora bakin ƙarfen a kan gajeren gefen fatar, ya shiga har zuwa alamar santimita 5 ɗin nan, sauran faɗin fatar ya wuce bakin ƙarfen ya zama fanko. Zagayen farko shi ne komai: ka lanƙwaso bakin fatar a kan ƙarfen, ka cusa shi ƙarƙashi da farce har ya kama, sannan ka danne da tafin hannu ɗaya kana mirginawa gaba, ɗaya hannun kuma yana jan ragowar fatar baya da ƙarfi. Bayan kowane zagaye biyu ka tsaya ka ƙara ja. Idan ka gama, ka ɗaure da roba don kada ya warware yayin da kake naɗa ɗaya gefen.

Ga yadda za ka gane naɗi ya yi: ka riƙe fatar da hannu ɗaya, ka yi ƙoƙarin juya ƙarfen ko zare shi da ɗayan. Idan ya juya cikin sauƙi, ka warware ka sake. Ka kuma tabbatar duka gefen biyu an naɗa su ta fuska ɗaya, kuma bakin fatar na ƙarshe yana kwance ta inda yatsunka za su ƙara ɗaure shi idan ka damƙa, ba ta inda za su buɗe shi ba. Sabuwar fata takan yi gardama a makonnin farko, sai ta sha alli da matsa sannan take kwanciya ta riƙa bin ƙarfe. Kada ka yi naɗi mai kauri ƙwarai da nufin guje wa zafi, domin idan ya cika hannu yatsu ba za su rufe ba, riƙon kuma ya raunana.

Zaman hannu a riƙon kife

Riƙo iri uku ne aka fi sani, amma wanda ya fi ba da damar amfani da ƙarfin jiki duka shi ne riƙon kife, wato tafin hannu biyu suna kallon ƙasa, manyan yatsu suna fuskantar juna ta tsakiya. Da shi ake lanƙwasa mafi yawan ƙarfe masu wuya, kuma shi ya fi buƙatar gyara.

Ka shafa alli a tafi da yatsu. Ka fara da hannun da ya fi rauni, domin shi ya fi buƙatar a zaunar da shi da natsuwa. Ka laluba ta cikin fatar ka ji inda bakin ƙarfen ya tsaya, ka ɗora wannan wurin a tsakiyar tafinka, a kan tsokar da ke ƙasa da tushen yatsan tsakiya da mai bi masa, ta yadda idan ka tura, turawar za ta bi layin ƙashin dantse kai tsaye. Manuniya da yatsan tsakiya su ne za su zagaye sashen da ke da ƙarfe a ciki, su damƙe shi tamau. Sauran yatsu biyun suna kan fankon fata, aikinsu su rufe naɗin kada ya buɗe. Babban yatsa kuma ya zagayo ta ƙasa ya haɗu da manuniya, su biyun su zama matokarar da ƙarfen zai lanƙwashe a kanta.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a cika hannu da ƙarfen, yatsu huɗu duka a kansa, har manuniyoyi biyu suna taɓa juna a tsakiya. Mai yin haka yana jin riƙonsa ya yi ƙarfi, amma ya gajarta wa kansa ƙarfen, kuma bakinsa ya koma gefen tafi ta wajen ƙaramin yatsa, inda babu abin da zai tura shi. Gwargwadon yadda hannu ya fita waje, gwargwadon sauƙin aikin. Sai dai fita waje yana da iyaka, domin idan abin da ke cikin naɗin ya yi kaɗan, ƙarfen yana iya kuɓucewa. Shi ya sa na ce a fara da santimita 5. Idan hannu ya saba, a rage zuwa 4, kuma ban ga dalilin da zai sa mai koyo ya yi ƙasa da haka ba.

Da hannu na farko ya zauna, ka ɗaga ƙarfen zuwa saman ƙirji, ka kawo hannu na biyu ka zaunar da shi daidai yadda ka yi na farko, sannan ka ɗan tura ciki da hannu biyu don bakin ƙarfen ya nutse a mazauninsa. Daga wannan lokaci kada ka sake sassauta turawar har a gama. Yanzu ka ɗaga ƙarfen har ƙarƙashin haɓa, gaɓoɓin yatsunka suna kusa da muƙamuƙi, amma ƙarfen bai taɓa maƙogwaro ba. Gwiwoyin hannu su buɗe gefe, su tashi daidai kafaɗa ko su ɗan ɗara, allunan kafaɗa kuma su matso juna a baya, ƙirji ya buɗe. Dalilin ɗaga ƙarfen sama haka shi ne, a nan ne tsokar ƙirji take a miƙe, tana da tazarar da za ta ja, dantse biyu kuma suna kusan layi ɗaya da ƙarfen. A gaban ciki ko nesa da jiki, wuyan hannu kaɗai aka bari da aikin.

Wuyan hannu ya tsaya a miƙe, a ɗaure. Idan ya karye baya ta wajen bayan hannu, turawar ƙirji a gaɓar za ta ƙare, kuma nan ne ciwo ke farawa. Wanda kafaɗarsa ta yi tauri har ya kasa kai ƙarfen ƙarƙashin haɓa ba tare da wuyan hannu ya karye ba, ya yanki guntun sanda mai tsawon santimita 20, ya riƙa shiga wannan tsayuwar da ita kullum yana riƙewa na daƙiƙa 20 zuwa 30, yana rage tsawon sandar a hankali. Ƙafafu kuma a buɗe su daidai faɗin kafaɗa, ɗaya ta ɗan yi gaba, gwiwoyi a sake.

Karyawa, jawowa da matsewa

Lanƙwasa ɗaya matakai uku ce, kuma kowanne da yadda hannu ke zama a cikinsa.

Karyawa ita ce fitar da ƙarfen daga miƙewarsa, kuma a nan ya kamata a fahimci halin ƙarfe. Yana da wata iyaka wadda idan matsin bai wuce ta ba, zai ɗan ba da kai sannan ya koma yadda yake da zarar an sake shi. Ma'ana, matsakaicin yunƙuri goma ba sa taruwa su zama babban yunƙuri ɗaya, gajiya kawai suke tarawa. Don haka ka ja numfashi, ka ɗaure ciki, ka ƙara damƙar manuniya da yatsan tsakiya, sannan cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu ka kai ƙarfinka ƙarshe. Abu biyu kake yi a lokaci guda: kana tura bakin ƙarfen biyu ciki da tafin hannu, kana kuma kawo gwiwoyin hannu gaba da ƙasa, ta yadda bakunan za su sauka, tsakiyar ta tashi sama a kan manuniyoyi. Ka ɗan sunkuyo da ƙirji a kan ƙarfen yayin da gwiwoyin ke saukowa. Kada ka fizga, domin fizga tana tsinka jijiya kuma tana gusar da naɗi. Ka riƙe cikakken ƙarfin na daƙiƙa 3 zuwa 5, idan bai motsa ba ka sassauta, ka yi numfashi, ka duba zaman hannunka. Yunƙuri uku sun isa a kan ƙarfe ɗaya. Idan ya ƙi, a ajiye shi.

Da zarar ka ji ya ba da kai, kada ka tsaya duba shi. Ka ci gaba da turawa a wannan numfashin iya inda zai kai, domin farawa daga tsaye ta fi ci gaba wuya, kuma ƙarfe yana ƙara tauri a daidai inda ya lanƙwashe. Wannan shi ne jawowa, daga ɗan karkacewar farko har ƙarfen ya yi kusurwa irin ta lungun ɗaki ko ya ɗan wuce. A nan manuniya ta gama aikinta na tokara, sai nauyin ya koma kan tafin hannu. Ka zare manyan yatsu daga ƙarƙashin ƙarfen don kada ya matse su, ka bar bakunan su ƙara nutsewa cikin tafi, gwiwoyin hannu kuma su ci gaba da saukowa zuwa haƙarƙari. Mutane da yawa a nan suke barin ƙarfen ya sauko gaban ciki, sai ƙarfinsu ya yanke. Ka riƙe shi sama, daidai ƙashin wuya.

Matsewa ita ce rufe shi. Idan bakunan sun matso har yatsun hannu biyu suna iya haɗuwa, ka gyara riƙo ba tare da ka saki turawar gaba ɗaya ba: kowane baki ya zauna a gindin tafi, kan tsoka mai kauri da ke kusa da wuyan hannu, yatsu kuma su sarƙe da juna a saman lanƙwasar. Sarƙewar tana hana ƙarfen tsalle, tana kuma ba yatsu damar taimakon ƙirji. Ka manna hannayen a saman ƙirji, ka kawar da fuska kaɗan daga saitin ƙarfen, ka matse da ƙirji da kafaɗu a gajerun yunƙuri masu ƙarfi. Ma'aunin da aka saba da shi a wannan wasa shi ne tazarar da ke tsakanin bakunan biyu ta koma inci 2, wato kusan santimita 5, ko ƙasa da haka. Ka tuna cewa ƙarfe yana ɗan buɗewa idan aka sake shi, saboda haka sai ka matse ya wuce ma'aunin kaɗan. Wannan matakin ne ya fi haɗarin kuɓucewa, don haka idan ka ji naɗi ya gusa, ka tsaya ka gyara shi.

Abin da lanƙwasasshen ƙarfe ke nunawa

Kada ka jefar da ƙarfen da ka gama da shi kafin ka dube shi da kyau, domin duk abin da hannunka ya yi yana rubuce a jikinsa. Ka nemi alamar tsakiyar da ka yi. Idan tana daidai ƙololuwar lanƙwasar, hannayenka sun yi aiki daidai. Idan lanƙwasar ta gusa gefe ɗaya, ƙafar ƙarfen ɗaya ta fi ɗaya tsawo, to ko dai naɗin bai shiga daidai ba, ko hannu ɗaya ya tsaya yana riƙo kawai ɗayan yana aikin. Irin wannan ƙarfen yana da wuyar matsewa ƙwarai, saboda gajeriyar ƙafar ba ta da tsawon da za a tura. Maganinsa shi ne a koma ƙarfe mai sauƙi, a riƙa yi a gaban madubi ana lura da gwiwoyin hannu su sauko tare.

Sannan ka kwantar da shi a kan tebur. Idan ƙafa ɗaya ta kwanta ɗayar ta ɗaga, ƙarfen ya murɗe, alamar wuyan hannu ɗaya ya karye ko gwiwar hannu ɗaya ta riga ɗayar yin gaba. Daga ƙarshe ka buɗe tafukanka ka duba. Za ka ga ɗan jan tabo zagayayye inda bakin ƙarfen ya zauna. Ya kamata tabon ya kasance wuri ɗaya a hannu biyun, kuma wuri ɗaya daga rana zuwa rana. Idan ka gan shi ya ja layi, ƙarfen ya yi tafiya a cikin hannunka. Idan kuma yana can gefen tafi ta wajen ƙaramin yatsa, riƙon ya shige ciki da yawa. Ɗaukar bidiyon kanka da waya daga gaba yana nuna abin da madubi ba zai nuna ba, musamman lokacin da ƙarfen ke saukowa daga haɓa ba ka sani ba.

Sauran riƙo biyun

A riƙon tallabe, tafukan suna kallon sama, ƙananan yatsu ne ke fuskantar juna a tsakiya kuma su ne matokara, ana riƙe ƙarfen ƙasa da inda ake riƙe shi a riƙon kife, ƙarfin kuma daga wuyan hannu da tsokar baya yake zuwa. A riƙon saɓani, ƙarfen a karkace yake a gaban ƙirji, hannu ɗaya ya riƙe shi daga ƙasa babban yatsa yana sama, ɗayan ya kifo daga sama, a karya shi a kan tushen babban yatsan hannun da ke tsaye. Duka biyun ba sa ba ƙirji dama sosai, saboda haka ƙarfen da za ka iya da su bai kai na riƙon kife ba, amma sun fi shi gina wuyan hannu. Wanda burinsa ƙarfin damƙa ne, bai kamata ya bar su ba. Ya riƙa karya ƙarfe masu sauƙi da su, ya ƙarasa da matsewar da aka bayyana a sama.

Tsarin horo da kiyaye hannu

Tsoka tana saurin ƙarfi, jijiyoyin da ke ɗaure ta da ƙashi kuwa a hankali suke bi, kuma wannan tazarar ce ke jawo ciwon gwiwar hannu da ke sa mutane barin wasan. Sau ɗaya ko biyu a mako ya isa, da hutun aƙalla kwana biyu a tsakani. Kafin ka taɓa ƙarfe ka ɗumama jiki na minti 10: juya kafaɗu da wuyan hannu, buɗewa da rufe yatsu, da ɗan kifewa ƙasa kana tura jikinka sama da hannu. Sannan ka fara da ƙarfe biyu masu sauƙi ƙwarai, ka bi da uku zuwa biyar waɗanda kake iyawa amma sai ka yi da gaske, kana hutun minti 2 zuwa 3 tsakaninsu. Gwada ƙarfen da ya fi ƙarfinka kada ya wuce sau ɗaya a mako biyu.

Idan mataki ɗaya ne ke ba ka wahala, ka ware shi. Mai rauni a matsewa ya sa ƙarfe mai ɗan wuya a bakin maɗaurin maƙera, ya lanƙwasa shi rabi da bututu, sannan ya naɗe ya ƙarasa da hannu. Mai rauni a karyawa ya ɗauki ƙarfen da ba zai motsa ba, ya shiga tsayuwa daidai, ya tura na daƙiƙa 5 sau uku ko huɗu, ba da cikakken ƙarfi ba. Don wuyan hannu, ka riƙe guduma ta ƙarshen ƙotarta, hannu a miƙe a gefen jiki, kana ɗaga kanta sama da saukewa a hankali, sau ɗaya kan yana gaba, sau ɗaya yana baya. Ka kuma sa roba a kan yatsu biyar kana buɗe su, domin tsokar da ke buɗe hannu ta samu rabonta, kada ta matsewa ta rinjaye ta.

Zafin fata da na tsokar tafi abu ne da ake sabawa da shi cikin makonni. Wanda ba a sabawa da shi shi ne zafi mai tsini a cikin gwiwar hannu, ko a gaɓar wuyan hannu, ko a gaban kafaɗa, da kuma dindiris a ƙaramin yatsa da maƙwabcinsa, wanda ke nuna an danne jijiyar da ta bi ta wannan gefen tafin. Idan ɗaya daga cikinsu ya bayyana, ka dakata, idan kuma ya wuce 'yan kwanaki bai lafa ba ka ga likita. Riƙe numfashi yayin yunƙuri yana ɗaga hawan jini na ɗan lokaci, har wani ya ga jiri, shi ya sa ba a tsawaita yunƙurin, kuma mai hawan jini ko ciwon zuciya ko ƙaba ya nemi shawarar likita kafin ya fara. Idan ƙarfe ya huda fata, a wanke wurin da ruwa da sabulu nan take, a je asibiti a duba batun allurar rigakafin tetanus.

Wajen ƙara wahala, tsawo ake fara ragewa kafin a taɓa kauri. Idan ka lanƙwasa ƙarfe biyar a jere, kowanne ya karye a kan alamar tsakiya kuma ya kwanta daidai a tebur, ka rage milimita 5 ko 6 daga tsawonsa. Ka ci gaba da haka har ka sauko wajen santimita 14, sannan ka koma santimita 18 da kauri na gaba. Ka riƙa yankan guntayenka daga dogon rodi guda, domin rodi biyu masu kauri ɗaya suna iya bambanta sosai a tauri, kuma ka rubuta kauri da tsawo da irin riƙon da kwanan wata a jikin ɗan tef ka manna wa ƙarfen farko da ka lanƙwasa a kowane mataki, don ka samu abin da za ka gwada sabon rodi da shi idan tsohon ya ƙare.